Yadda Wainata Ta Kayar Da Mijina Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da sauran haƙoran nan nawa sun bi 'yan'uwansu, da ranar da na kayar da mijina zaɓe da hannuna. Jikokina ne suka tono mini zancen shekaranjiya, da suka cika mini tsakar gida da gardama: wai zaɓe ranar aiki ya kamata a yi shi ko ranar hutu. Wannan ya ce Asabar, kowa na gida. Wancan ya ce a'a, Asabar ranar biki ce, a sa shi Talata a ba da hutu. Ina zaune ina jin su, ba wanda ya ce, "Kaka, ke me kika gani?" (Me tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta gani?) To, ni ɗin nan da kuke rainawa, na taɓa sa wa zaɓe rana. Kuma an bi.

Zamanin Turawa ne, muna zaune a wani ɗan ƙauye kusa da Gayam, can bakin daji. Sai aka zo da sabon abu: wai kowane yanki ya fid da wakili ɗaya da zai riƙa zama a majalisar En'e, wato hukumar gargajiya, a cikin Birnin Gwari. A wajenmu lokacin ba takarda, ba akwati, ba dangwala yatsa. Mai nema ya tsaya a fili, maza masu son sa su jeru a bayansa, a bi a ƙirga kawuna kamar tumaki. Mata kuwa ba ma cikin lissafi. A wurin Bature, da mace da tukunyar miya duk kayan gida ne.

Mutanen ƙauyukanmu suka ce Malam ne zai tsaya musu. Malam mijina ke nan (sunansa ban taɓa kira ba yana da rai, ba kuwa yau zan fara ba). Ba son girma ya kai shi ba, mutum ne da sai ya yini bai yi magana goma ba. Abin da ya kai shi, malamin gandun daji ne da ke kafa duwatsun iyaka, kowace shekara dutse na ƙara matsowa, har ya zo yana leƙen fadamarmu. Fadamar nan ita ce shinkafarmu, ita ce rakenmu. Aka ce in ba a sami mai baki a majalisa ba, baɗi gandu zai haɗiye ta.

Abokin karawarsa Audu Tela ne, ɗan cikin gari, mai keken ɗinki a bakin kasuwa. Siriri, baki kamar an shafa masa zuma. Yana kiran Malam yaya, ni kuma matar yaya, alhali ko ta kaza ba mu haɗa dangi da shi ba.

Sai rigimar rana ta tashi. Di'o, Baturen da ke kula da ƙasar, ya ce Asabar yake so, don Lahadi hutunsa ne (hutun me, Allah masani, ni dai ban taɓa ganin sa da fartanya ba). Liman ya ce kowace rana ban da Juma'a. Ma'aikatan En'e suka ce ranar aiki ta fi, ba don kishin ƙasa ba, don su sami dalilin rufe ofis. Malam ya dawo daga taron manya ya ce mini, "Da alama Asabar za a sa. Na ce to."

Na ajiye muciya. Na ce, "Ka ce to? Malam, wa zai bar sussukar dawarsa ranar Asabar, ya tako tun daga bakin daji, don kawai ya je ya kalli ƙeyarka? Mutanen Audu a cikin gari suke, ko daga wanka aka kira su za su fito. Naka fa? Naka ba sa shiga gari sai Alhamis, ranar kasuwa. Ranar nan har na Damari suna nan, har Fulanin da ke mashekari. Ka koma ka ce Alhamis."

Ya ce, "Kin yi magana."

Ya koma ya faɗa wa manya kamar daga kansa ta fito, suka ga hankali a ciki, aka kai wa Di'o, ya yarda. Audu Tela ko tari bai yi ba. Da ina da wayon da nake taƙama da shi, da wannan shirun ya tsorata ni. Ina! Ni ina bakin rijiya ina ba matan ƙauye labari. "Ai ranar ma ni na sa ta. Bature ya ce Asabar, na ce Alhamis, ku je ku tambaya wa aka bi." Na fara tafiya a hankali, irin ta matar wakili. Wata ƙawata ta gaishe ni da sunana, na ce ta fara koyon sabon suna tun yanzu, kar ya zo mata da nauyi.

To, ni kowace Alhamis waina nake toyawa a kasuwa, wainar gero da miyar taushe, kuma ba yabon kai ba, in na ɗora tanda sauran masu waina hira suke komawa yi. Ranar zaɓe na ce ba zan zauna a rumfata a ba ni labarin nasarata ba. An hana mata shiga fili, amma ba a hana tanda zama a gefe ba. Na kwashi murhu da ƙullu da itace na kafa a gindin wata tsamiya, daidai bakin filin, na sha sabon zane.

Mutanen Malam kuwa suka zo, wallahi suka zo. Tun asuba suka taso, yawancinsu ko koko ba su sha ba. Suka jeru a bayansa, layi har ya tanƙwara. Na Audu 'yan tsiraru, abin tausayi. Na dube su na ce a raina, Alhamis ke nan, yaro.

Sai Bature ya ƙi zuwa. Ashe motarsa ce ta kafe a rafi. Hantsi ya yi, ya wuce. Rana ta take. Mutane na tsaye, ciki na kuka, ga iska na ɗaukar ƙamshin man gyaɗa daga tandata tana kai musu har cikin hanci. Sai na ga dama ta nuna wa Birnin Gwari irin gidan da wakili zai fito. Na miƙe na ɗaga murya: "Duk wanda ya zo don Malam, ya zo ya ci waina. Yau ba sayarwa nake ba!"

Jama'a, ban rufe baki ba fili ya tashi. Suka yo kaina kamar an buɗe wa awaki garke, har wani ya kusa kifar mini da ƙullu. Ita kuma waina ba tuwo ba ce da za ka yanka ka miƙa. Tanda gidajenta ƙidayayyu ne, sai ka zuba, ka jira, ka juya, ka kwashe, sannan ka sake zubawa. Da a kasuwa ne, da sun kewaye ni kowa na miƙo hannu yadda aka saba. Amma ni yau matar wakili ce, kuma na ga yadda 'yan doka ke tsara mutane. Na ɗaga ludayi na ce, "Kai! Ba a gidan biki kuke ba. Ku yi layi, ɗaya bayan ɗaya! Wanda ya karkace ba shi ba waina." Suka yi layi, miƙaƙƙe kamar an ja igiya. Ko soja sai haka.

Ana cikin haka sai ga Audu Tela, yana tafe yana murmushi, ya zo har gaban tanda ya rusuna.

"Sannu da aiki, matar yaya. Mu marasa gata ba za a sammana ba?"

Na dube shi sama da ƙasa. Mutane na kallo, dole in yi abin da za a ba da labari. Na ce, "Za a ba ka, tela, gidanmu ba a rowa. Amma sai kowa ya samu. Tsaya nan gabana inda zan riƙa ganin ka, kar ka motsa."

Ya ce, "Ko kwana kika ce in yi, matar yaya."

Aka yi dariya, na ji daɗi har cikin ƙashina. Ya gyara tsayuwa a gaban tanda, a kan layi, ya harɗe hannu a baya. Ashe da yatsunsa yake kiran 'yan tsirarunsa, suna sulalowa ɗaya ɗaya suna liƙewa a wutsiyar layin. Ni hayaƙi ya cika mini ido, ina ta juyi.

Sai ga mota. Di'o ya diro, taɓo har gwiwa, fuska ja wur kamar jan gauta, ko zama bai yi ba. Ɗan doka ya busa usur ya ce, "Kowa ya tsaya inda yake!" Na jiyo muryar Malam daga nesa, karo na farko a rayuwata da na ji ya yi ihu: "Jama'a, ku dawo!" Wasu suka yunƙura. Ni kuwa da ban taɓa ganin zaɓe ba, a zatona sai an yi kiɗa da jawabi da addu'a kafin a fara. Sai na buga ludayi a bakin ƙwarya na ce, "Wanda ya fita ya rasa wurinsa, kar ya dawo yana mini magiya!" Ga tsoron ɗan doka, ga tsoron rasa waina. Suka daskare.

Malamin En'e mai ƙirga ya ƙaraso, Bature na biye da shi. Ya ce, "Audu, nan ka tsaya?"

Audu ya ce, "Nan aka tsayar da ni, ranka ya daɗe."

"Duk wannan layi ɗaya ne?"

Wa ya tambaye ni? Ba kowa. Amma na ce, "Ɗaya ne, malam, ni na shirya shi da kaina!" Ya fara bi yana taɓa kafaɗu, ni a tunanina yawan mutanen mijina yake dubawa. Har na taya shi aiki: "Ga wani can ya tsuguna, kar ka tsallake shi." Bature ya faɗi wani abu ta hanci, tafinta ya juyo ya ce mini, "Ya ce duk yawonsa bai ga layi mai tsari kamar wannan ba." Na durƙusa na ce, "A gaya masa kaɗan ya gani."

Wani dattijo daga ƙauyenmu ne ya fara farga. Ya ce, "Tsaya, malam, mu fa na Malam ne!" Mai ƙirga ya ce, "Na Malam, a bayan Audu? Baba, ni baya aka ce in ƙirga, ba zuciya ba." Bature ya dubi agogonsa. Shi ke nan.

Mai shela ya hau kan turmi ya ce, "Jama'a, wanda Allah ya ba..." Ban jira ƙarshe ba. Na kama hanci na rangaɗa guɗa, irin wadda ake ji har bayan kasuwa. Tana cikin tashi sai na ji, "...Audu Tela!"

Kun san guɗa ba a tsayar da ita a tsakiya. Haka ta ƙarasa fita, ta lanƙwashe kamar kukan akuyar da aka taka. Sai na waiga, karo na farko tun da na ɗora tanda, na hangi Malam can cikin rana. A bayansa wasu tsofaffi ne da ba su cika hannu biyu ba. Su ma ba don sun fi kowa amana ba: azumin Alhamis suke yi.

Daga nan dariya ta fashe. 'Yan doka na yi, Fulani masu tallan nono na yi, har waɗanda na kayar da zaɓensu suna yi da waina a baki. Audu ya miƙo hannu biyu cikin ladabi ya ce, "Matar yaya, kowa ya samu? Saura ni." Na duba tanda, wainar da ke ciki ta ƙone ƙurmus. Ita na kankare na ba shi, ya karɓa ya ce bai taɓa cin mai daɗinta ba. Na yarda da shi.

A hanyar gida Malam na gaba, ina baya da tanda a ka. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai da muka kai rafi, ya tsaya yana wanke ƙafa, ya ce, "Da Asabar aka yi, da mutum kaɗan za su zo." Ya yarfe ruwan ƙafarsa. "Amma da nawa ne."

Audu ya shiga majalisa, ya yi magana ƙwarai, a kan wanda ya kamata a ba ɗinkin rigunan dogarai. Kafin damina ta zagayo, dutsen gandu ya zauna daram a tsakiyar fadamarmu, rabin da ya fi ruwa ya koma na hukuma. Malam bai taɓa yi mini gori ba. Sai dai duk ranar da na kai masa abinci gona muka wuce ta wajen dutsen, sai ya nuna shi da sanda ya ce, "Ga wainarki nan, ba ta huce ba." A bakin rijiya kuwa na sami sabon sunan da nake nema: Uwar Layi. Har yau akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba.

Shekaru da yawa bayan haka, da aka ce mata ma su fito su yi zaɓe, na shirya da safe zan tafi, sai na tarar Malam ya ɗauke tandata ya jefa cikin rumbu ya rufe. Ya ce, "Je ki. Hannu biyu kawai, ba ludayi."

Saboda haka, 'yan boko, ku ci gaba da gardamarku. Ku sa shi Asabar, ku sa shi Talata, ku sa shi ranar Sallah in kun ga dama. Ni da na gwada, ga abin da na sani: rana ba ta zaɓen kowa. Ku dai tabbata mutanenku sun karya kumallo kafin su fito, sannan ku duba da kyau ku ga wa ke tsaye a gaban layin. In kuma akwai wata mai wayo a gidanku da ta ce ta san ranar da ta fi, ku saurare ta, ku yi mata godiya, ku ɓoye mata tanda.