Yadda Ake Gina Zaure Da Ganuwar Gwamnati

Kai maigida, idan har yau a gindin dogon yaro kake karɓar baƙi don ba ka da zaure, to wahalarka ta ƙare. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin ruwan farko ya sauka za ka tsaya a ƙofar zaure ja wur, wanda ba ka sayi ƙasarsa ba, ba ka kuma roƙi kowa ba. Dabarar ba ƙage ba ce. An gwada ta a wani ƙauye da ke gefen Badarawa, a ranin shekarar da aka fara Shari'a, kuma wanda ya gwada, wani dillalin albasa mai suna Sodangi, yana nan da ransa, zaurensa ma yana tsaye.

Mataki na ɗaya: San inda ƙasar kirki take

Kada ka wahalar da jakinka zuwa kududdufi, ƙasar can rabinta rairayi ne. Leƙa bakin gulbi. Akwai doguwar ganuwar da gwamnati ta tara da jar marmara don tare ambaliya, tifa bayan tifa, aka daddanne ta har ta yi tauri. An zaɓo maka, an kawo maka har ƙofar gari, saura kawai ka ɗauka.

Sharaɗi ɗaya ne: gidanka ya kasance a kan tudu. Na Sodangi a tudu yake. Gidan da ke manne da bayan ganuwar, can gangare, na yayarsa Bara'atu ne, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗakuna biyu da rumbu ɗaya. Ita ta goya Sodangi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba abin da ke tsakanin gidanta da gulbi sai wannan ganuwa, amma kada ka bari irin wannan tunani ya hana ka abin da ke gabanka.

Mataki na biyu: Tabbatar ba ta da mai ita

Za ka tarar da wani allon ƙarfe mai tsatsa, an rubuta cewa an hana haƙa, an hana noma, an hana gini, wanda ya saɓa zai gamu da hukuma. Kada ka tsorata. Karanta har ƙasa. Sodangi ya sa aka karanta masa, sai ya ji sunan Jihar Sakkwato ne a jiki. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ai shekara huɗu ke nan da aka yanke mu daga Sakkwato, allon Sakkwato ba shi da baki a Zamfara.

Masu ilimi za su ce maka dokar tsohuwar jiha tana bin sabuwa har sai an sauya ta. Rage zama da masu ilimi a wannan watan.

Mataki na uku: Nemi fatawa, amma ka riƙe takalmanka kusa

Zamani ya canza, yanzu kowa na ƙaunar hannunsa. Don haka sai ka bi ta wajen malam. Sodangi ya samu Malam Nasidi, limamin unguwarsu, bayan La'asar, ya durƙusa ya ce, "Allah shi gafarta malam, wai ƙasag ga da muka takawa, wa ad da ita?"

Malam ya ce ai ta Allah ce, mu baƙi ne a kanta. Sannan ya gyara zama, ya ɗaga yatsa, ya ce, "Amma fa..."

A daidai nan ake tashi. Sodangi ya yi godiya, ya zura takalma, ya yi gaba. Waɗanda suka zauna sun ce Malam ya kai kusan Magariba yana bayani a kan kayan jama'a da haramcin cutar da maƙwabci. Wannan fatawarsu ce, su suka ji ta.

Mataki na huɗu: Je da rana tsaka, da takarda a hannu

Mai laɓe-laɓe shi ake zargi. Kai ka zaɓi ranar kasuwar Shinkafi, lokacin da rabin gari ya tafi, ka sa hula mai guga, ka tasa masu jakuna a gaba. A shekarun nan na sabuwar jiha, duk wanda ya naɗe takarda a hannu ɗan kwangila ne. Sodangi katin asibitin matarsa ya naɗe. Da ya iso wurin Ladan, tsohon da ke gadin ganuwar, sai ya ɗaga takardar daga nesa ya ce daga Gusau ne. Ladan ya san shi tun yana yawo ba wando, amma bai san abin da sabuwar jiha ta mai da shi ba, don haka ya miƙe ya sara masa.

Sannan ka zaɓi wurin haƙa. Jaki ba ya son hawa da mangala cike, saboda haka daga gindin ganuwar ake fafewa, ta bayanta. Sodangi ya zaɓi daidai ƙofar gidan yayarsa, don a nan ne akwai hanya, akwai inuwa, kuma akwai wanda zai ba ma'aikata ruwan sha.

Mataki na biyar: Iya da 'yan uwa

A rana ta biyu Bara'atu ta fito da kwaryar ruwa, ta ga ramin ya isa mutum ya zauna a ciki. Hankalinta ya tashi. Ta ce, "Sodangi, wanga tudu shi ka tsare mu da gulbi. Don Allah ka bari."

Ya ce, "Haba Yaya, kaɗan nika ɗiba. Shekara nawa rabon da ruwa shi kawo nan?"

Ta ce ai saboda ganuwar ne bai kawo ba. Irin wannan magana ba ta da amsa, don haka kada ka nemi amsa. Yi dariya, ka aika mata da kwandon albasa da yamma. Haka Sodangi ya yi.

Bayan masu jakuna sun gama, ta yi makonni tana kwaso toka da shara da ɓaraguzan tukwane tana zubawa a ramin, ita kaɗai, da kwando a ka. Abin ya dami Sodangi duk lokacin da ya hango ta, sai ya koma bi ta wata hanyar. Kai ma ka nemi wata hanyar tun da wuri.

Kuma kada ka yi rowa. Duk wanda ya yaba launin zaurenka, nuna masa wurin. Kafin damina, Namadi mai shayi ya yi dakali, wani ya yi katanga, wani ya yi akurkin kaji, duk ja wur. Wannan ba kyauta ba ce, tanadi ne, za ka ga amfaninsa.

Mataki na shida: Riga kowa faɗin ƙaddara

A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Da hantsin rana ta huɗu gulbi ya cika ya tokari ganuwar, ya laluba ya samu inda aka cike da toka. Ba a rasa rai ba, mutane sun ji ƙarar sun gudu tudu. Amma gidajen gangare tara sun tafi. Ɗakunan Bara'atu sun narke tana kallo, rumbunta ya kife da geron da zai kai ta kaka. Ta fito da akuya ɗaya da ƙunshin tufafi.

A nan sai ka iso da wuri, ka naɗe ƙafar wando, ka yi ta cewa ikon Allah da ƙarfi yadda kowa zai ji. Sodangi ya faɗa ya fi sau ashirin. Amma kunya ta rufe shi, bai iya haɗa ido da yayarsa ba.

Mataki na bakwai: Gaban alƙali

Sammaci zai zo, domin ashe allon yana da baki. Ladan ya shaida wa alƙali cewa wani mutumin Gusau ne, mai kama da Sodangi ƙwarai. Aka nemi shaidu. A nan tanadinka zai yi rana: duk wanda aka kira yana da jan dakali ko jar katanga a gida, don haka babu wanda ya ga komai.

Sai alƙali ya juya ga Bara'atu, ya ce ramin a ƙofarta yake, ta faɗi wanda ya fara haƙa shi. Bara'atu ta ce, "Allah shi gafarta malam, gidana ya tafi, hatsina ya tafi. Ban zo nan in ƙara rasa wani abu ba."

Alƙali ya gane, kowa ma ya gane, amma ganewa ba shaida ba ce. Ya yi umarni gari ya fita aikin gayya a cike ganuwar. Sodangi ya fito da hannuwansa biyu da sunansa, har da shi aka yi gayyar, ya fi kowa ɗaga murya.

Da yamma ya je ya ce mata ta dawo gidansa, zai share mata zauren ya sa ƙyaure. Ta ce a'a, Dauran za ta, wajen 'yarta. Ya ɗauki ƙunshinta har tasha, yana ta magana. Da mota ta cika ta karɓi kayanta, ta yi masa godiya irin wadda ake yi wa baƙon da ya taimaka a hanya, ta shiga.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba injiniya ba ne, ba lauya ba ne, ba malami ba ne, kuma bai taɓa riƙa maka shebur ba. Ba ruwansa da ambaliya, ko sammaci, ko rumbun da ya kife, ko alƙalin da ya fi na Sodangi naci. Haka nan idan Sallah ta zo ka aika mota Dauran a ɗauko yayarka, motar ta dawo ba kowa, shekara ta zagayo ka sake aikawa ta sake dawowa ba kowa, kada ka neme ni. Wannan tsakaninku ne.