Kalandar Mai Aski da Tafkin Watan Yuli

"Ni fa gandun dajin nan, ko da tsumma aka ɗaure min ido sai na kai ku bakin shuɗin tafkin nan. In na kasa, ga gashin bakina nan, a aske shi tas!"

Mijin yayata ne ya yi wannan cika bakin, mai aski, wanda duk layinmu ake kira Na-Taɓa-Zuwa. Kai dai ka ambaci wuri, ko duniyar wata ce, sai ya gyara tsayuwa ya ce ai ya taɓa zuwa, sanyi ne kawai matsalarsu. Gashin bakin kuwa ba abin wasa ba ne. Shekara ashirin yana kiwonsa, da matajinsa daban, da mansa daban, ya murɗe shi dama da hagu kamar ƙahon rago. Yaya ta sha cewa da gashin bakin nan yana cin abinci, da shi za a fara zuba wa.

A saman madubin shagonsa akwai wata tsohuwar kalanda, kowane wata da hoton tafki. Shekararta ta wuce da daɗewa amma ya ƙi cire ta, don ya ce hotunan gandun dajin nan ne na can ƙarshen ƙasa, kuma duk ya zaga su. Idan ya sami mutum a kujera ya ɗora masa aska a wuya, to labari ya samu, don ba mai gardama da aska a maƙogwaro. Na watan Maris a ciki ya yi wanka. Na watan Yuli kuwa, shuɗi shar da duwatsu masu fararen kawuna a bayansa, a bakinsa ya yi barcin rana.

To ran nan Babanmu, tsohon hedimasta, yana zaune ana yi masa aski, sai ya ɗaga kai ya ce, "Kafin gwiwar nan ta gama ƙi na, ina so in ga tafkin nan da idona." Nan ne gogan naka ya saki waccan rantsuwa a gaban mutum shida. Baba ya yi murmushi kawai.

Ni direba ne, don haka a motata muka tafi mu huɗu: ni, Baba, Yaya, da Na-Taɓa-Zuwa a kujerar gaba, ya naɗe kalandarsa a hammata kamar mai awon fili. Awa tara muka yi a hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Sau uku yana cewa mun kusa, sau uku ina tsayawa tambayar masu kiwo.

A ƙofar gandun, wani jagora mai koren kaya ya tare mu da fara'a. "Sannunku da hanya. Shuɗin tafki kuke so? Ai yana nan ba..."

"Dakata, samari!" in ji gogan, ya ɗaga hannu. "Ranar da na fara zuwa nan ko yaye ka ba a yi ba."

"To ranka ya daɗe, ku dai bi jan fentin da ke jikin itatuwa, kada ku saki hanya."

"Fenti na baƙi ne."

Ya juya ya yi hagu, alhali jan fentin dama ya yi. Da muka yi nisa ya warware kalanda ya yi mana darasi. Tafkuna goma sha biyu ne, in ji shi, a jere suke kamar watanni. Namu na Yuli ne, don haka ruwa bakwai za mu ƙirga, shi ke nan. Na kalli Baba, ina jiran hedimasta ya yi magana. Ya ce, "Lissafi ya fita. Mu je."

Kududdufin farko da muka gani, ko kwaɗo zai raina shi.

"Janairu!" in ji Na-Taɓa-Zuwa.

Wani ɗan rafi da muka tsallake ba tare da cire takalmi ba ya zama Fabrairu. Na uku kuwa tankin siminti ne da ma'aikata ke tara ruwan sama.

"Maris ke nan. An yi masa gyara."

"Au, a nan ka yi wankan?" in ji Yaya. "Da soso ka zo ko aro ka yi?"

Wajen Afrilu muka zauna cin burodi. Gogan ya fito da madubi da mataji yana gyara dukiyarsa, sai wani biri ya diro daga reshe ya fizge matajin ya haye sama. Wallahi da idona na ga birin nan yana taje gemunsa. Na yi dariya har na kwanta a ƙasa, Yaya tana riƙe ciki tana cewa a taimake ta.

"Ya gane ni ne," in ji Na-Taɓa-Zuwa. "Wancan zuwan ma haka muka yi wasa da shi."

Mayu da Yuni ba mu gan su ba, ya ce sun ƙafe, a ƙirga da su. Rana ta take, Baba yana dogara sanda yana haki, ni kuma raina ya fara ɓaci, don tsohon nan ba don wahala muka ɗauko shi ba. Can sai muka ɓullo kan wani fage na baƙar laka mai wari, ƙudaje na biki a kai, wani ƙaton gadu kwance a gefe yana kallonmu.

Gogan ya buɗe hannuwa. "Baba, ga Yuli!"

Baba ya sa tabarau, ya dubi hoto, ya dubi laka. "Ina shuɗin?"

"Yana ƙasa, Baba. Sai an motsa."

"Duwatsun fa?"

"Sai daga tsakiya ake hango su. Bari ku gani."

Ya tattare riga ya shiga. Taku ɗaya, idon sawu. Taku biyu, gwiwa. Taku uku, laka ta kama shi har ƙugu ta ce ba inda za ka. Gadu ya miƙe ya yi gurnani ɗaya, sai jarumin da ya je duniyar wata ya ɓarke da ihu yana kiran matarsa: "Uwar gida! Wayyo uwar gida, ki yafe min!"

Allah ya taimaka jagoran nan yana biye da mu daga nesa da igiya a kafaɗa. "Duk mako sai an sami irinsa," in ji shi. Muka ja, muka ja, mutum ya fito fit, amma takalma da wando suka ce su sun ga wurin zama. A gaban surukinsa fa! Dole Yaya ta ba shi mayafinta mai furanni ya ɗaura.

Jagora ya ɗauki kalandar ya duba. "Ranka ya daɗe, mu tafki huɗu gare mu. Wannan ai ga shi an rubuta a ƙasa da ƙananan baƙaƙe, wata ƙasa ce can inda ƙanƙara ke zuba."

Ya mayar da mu ƙofa, ya zaga da mu bayan ofis. Tafiyar minti biyar, sai ga shi: ruwa shimfiɗe, shuɗi kamar an zuba masa bula, fararen tsuntsaye na shawagi, iska mai sanyi tana taso mana. Baba ya tsaya yana kallo, har na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma daɗi ya cika ni. Sannan ya sa hannu a aljihu ya zaro sabuwar aska da ɗan sabulu.

Na-Taɓa-Zuwa ya dafe baki. "Baba, da aska kuka taho?"

"Ɗana, ni hedimasta ne. Ƙananan baƙaƙen nan tun ranar da na fara zama a kujerarka na karanta su."

"To me ya sa ba ku faɗa ba?"

"In na faɗa, wa zai rantse da gashin baki? Tun ranar ɗaurin aurenku abin nan yake tsone min ido. Zauna."

Ya zauna a kan dutse cikin mayafi mai furanni. Baba ya jiƙa sabulu da ruwan shuɗin tafki, ya share ɓangaren dama tas, ya goge aska ya mayar aljihu.

"Baba, saura ɗayan!"

"Ka kawo mu gandu, ba ka kai mu tafki ba. Rabi ka ci, rabi ka faɗi. Ni ban taɓa zaluntar ɗalibi a maki ba."

Jagora ya karɓi wayata ya ce mu matso a ɗauki hoto. Yaya ta gyara wa mijinta ɗaurin mayafi, ta murɗe masa ƙahon da ya rage, ta ce, "Saki fuska mana, maigida. Yau dai ka taɓa zuwa, har da shaida."