Haƙorin Tasallah da Tocilar Tsamiya

"...Lahiya lau, maigida. Ina gajiyar hanya? Kai ka hau babur ɗin, ko shi ya hau ka?"

Da haka tsohuwa Tasallah ta Kaoje ta tari jikanta Jabiru, wanda ta aika kasuwar Tsamiya, can bakin iyaka, ya sawo mata tocila. Azumi ya matso, ita kuwa haƙori ɗaya tak ya rage mata, tana lallaɓa shi kamar ɗanyen ƙwai. Ba abin da take tsoro irin tsakuwa a shinkafar sahur, wadda take tsinta cikin duhu.

"Amarya, rufe ƙofa ki ga ikon Allah."

Suka shiga ɗaki, suka tura ƙyaure, ta ajiye faifan jiƙaƙƙiyar shinkafa. Jabiru ya danna. Wani siririn haske, fari fat har da shuɗi-shuɗi, ya soki bango.

"A'uzu billahi! Wanga haske na ko allura?"

"Ta zamani ce! Daga nan in na haska, sai jandarman Benin ya rufe ido ya sara mini."

"Hangen Dala ba shiga birni ba. Ni shinkafata a Benin take? Ja-ja na ce maka, mai faɗi, irin tocilar kakanka, wadda ke rufe faifai duka."

"Waccan ai ba haske take ba, ciwon shawara gare ta."

"Ta dai fi wagga mai launin sanyi. Dubi hannuna, ya koma na wadda ta kwana cikin kogin Kwara!"

"Laifin tocila ne? Gaskiya take faɗi. Da ita kakana ya je zance, da ya tsere da takalmi a hannu."

"Ja'iri! Ni da samari suka kifar da jirgi garin kallona? Haska faifai mu gani."

Ya haska. Hasken ya tsaya tsakiya, bai fi bakin ludayi ba.

"To, madalla. Ƙwara bakwai take gani. Kafin in gama tsinta an sauko daga Idi."

"Sai ki yi ta yawo da ita, kamar mai neman kunama."

"Kuma shinkafa fara, tsakuwa fara, duk ta yi musu anko! In haƙorin ga ya fita, gaban alƙali za mu. Haƙori da haƙori, in ji malamai."

"Naki guda, nawa talatin. Wanne za a cire?"

"Duka. Nawa shi kaɗai ke aikin talatin."

Jabiru ya ji an taɓa mutuncin sayayyarsa. Ya durƙusa, ya kafa tocila a baki, ya tsince gefe guda tsaf, sannan ya mai da ita hannu.

"Na rantse ko ƙura babu."

"Gani ya kori ji. Tauna, angona."

Ya ɗebi shinkafar ya watsa a baki yana yi mata gwalo da ido. Ƙaras! Tocila ta faɗi, hasken ya koma rufin ɗaki. Jabiru ya dafe kunci, hawaye na zuba.

Tasallah ta yi dariya har haƙorin nata ya leƙo.

"Mi ya faru? Ko jandarman ne ya rama?"

"Kin ci, tsohuwa," ya ce da rabin baki. "Ranar kasuwa zan musanyo mai shawarar."

Ta kwance bakin zane, ta miƙa masa magogin goronta.

"Ungo, riƙe. Ka shigo layinmu."