Ranar da Aka Kai Ni Duba Shukar Baba Idi

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da na zama malamin gona na tsawon yini guda.

Muna ajin ƙarshe a wata sakandare a Makarfi, makaranta ta dakatar da komai saboda jarrabawar fita. Aka daina buga ƙwallo, lambun makaranta kuwa aka bar wa ciyawa. Safe da yamma tsofaffin tambayoyi muke bita: tambaya ɗaya, amsa huɗu, ka zaɓi guda ka cike da fensir. Ni dai bakin taga nake zama, bakina yana maimaita amsa, zuciyata tana can bisa wani farin babur irin na malaman gona, ina ratsa gonakin rake, iska tana kaɗa rigata, manoma suna ɗaga fartanya suna gaishe ni. (Babana fa tela ne, ban taɓa yin noma ko na awa ɗaya ba.)

Da sakamako ya fito, ni na fi kowa maki a darasin noma. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya ji labari, ya goya ni a mashin har fadamarsu a Dandamisa. Muka gaisa da manoma, na durƙusa, aka yi gajiya aka yi iyali, sannan ya ce, "Ga ɗana, gwamnati ta auna shi, ta ce ya san noma."

Wani dattijo, Baba Idi, ya tumɓuko shuka ɗaya ya miƙo min. Ganyen duk ya nannaɗe. "Ɗan samari, rabin gonata haka take. Me ke damunta?"

Na karɓa, na jujjuya. Rana ta yi sanyi, ruwa yana gudu a hankali tsakanin kunyoyi, ni kuwa na tsaya ina jiran sauran tambayar. Da na ji shiru sai na ce, "Baba, faɗi amsoshin huɗu, in zaɓa."

"Wace amsa? Da ina da ita ai da ban tambaye ka ba."

Wani ya yi tari. Na gyara murya, na ce, "To, wannan tumatir ɗin taki ne bai ishe shi ba."

Baba Idi ya dube ni da tausayi. "Allah ya yi maka albarka. Attarugu ne."

Mutum biyu suka zauna dirshan a ƙasa saboda dariya. A hanyar komawa, da muka iso kwalta, Kawu ya ce, "Kada ka faɗa wa uwarka." (Kafin mu isa gida ta ji.)

Bayan kwana uku malamin gona na gaske ya zo, ya juya ganyen, ya nuna musu ƙananan ƙwari a ƙarƙashi. Aka yi feshi, Baba Idi ya tsira da abin da ya saura.

Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo min abu ya ce in faɗi ciwonsa, nakan fara tambayarsa sunan abin tukuna.