Rasuwar Agogon Baba, Wanda Lafiyarsa Ƙalau

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tambayoyin da har yau ba a amsa min ba, ni Raliya Sambo ta garin Abu Na'ama nake sanar da 'yan uwa rasuwar agogon hannun marigayi mahaifina. Ya cika ranar Talata a kan farantin shayi, a hannun maigidana, Abu Almu.

Mamacin mai haƙuri ne. Ya sha laka da ƙurar auduga a gona, bai taɓa tsayawa ba. Maganarsa ɗaya ce, cak, cak, cak, ita nake kara wa ɗana Almu a kunne in yana rigima. Shekarar da gwamnati ta tura lokaci gaba da awa guda, Baba ya ce rana ba ta ji sanarwar ba, ya bar shi a tsohon lokaci. Kowa a gidanmu ya san ƙara awa ake yi.

Maigidana bai tambaye ni ba. Ya shiga wani gurub a waya na masu koyon gyaran agogo, ya tura musu hoto, wai yana lattin awa cur. Mutanen da ba su taɓa taka ƙofarmu ba suka taru a kansa. Aka ce mai ne ya bushe. Aka buɗe bayansa da wuƙar albasata, aka ɗiga masa man riɗi. Bai sake magana ba.

Ni ban ce kowa ya yi komai ba. Amma wanda ya fara cewa a buɗe, wani Injiniya Mahmud mai hoton zaki a madadin fuska, shi ya riga kowa ta'aziyya. A saƙon nan ya tambaya ko kayan cikin na asali ne, ya ce a aiko masa gawar a motar Sinnar, wai zai duba. Maigidana har ya samo kwali.

Ya rasu ya bar madauri, da gilashi, da 'yan kusoshin da na tsince a tabarma kafin Almu ya kai baki, da agogon bango, wanda na mayar gidan yayata sai ƙura ta lafa.

Baba ya ce agogon hannun na jikansa Almu ne. Bai ce sai in yana tafiya ba.

An yi masa sutura da ƙyalle mai tsabta. Za a kwantar da shi a ƙasan akwatina bayan la'asar, har Almu ya yi hankali. Ana karɓar gaisuwa a tsakar gida, akwai gahawa. 'Yan gurub su yi addu'a daga inda suke, tana isowa. Makullin akwatin kuwa yana wuyana, da shi nake kwana.