Rasuwar Ɗan Siriri, Ma'aunin Zafin Masallacin Magina

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta da yadda za ta yi, Malam Mani magini na Tafoki yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa rasuwar ma'aunin zafinsa, wanda jama'ar sahun gaba suka laƙaba wa suna Ɗan Siriri. Ya rasu ranar Lahadi ana cikin sallar Azahar a garin Sheme, yana kan aiki, bayan gajeruwar jinyar da ba ta kai tsawon raka'a huɗu ba.

Marigayin bai fi tsawon tafin hannu ba. Siririn gilashi ne a jikin ɗan katako, da jan ruwa a cikinsa mai hawa da sauka. Ya zo garin nan ne bara, shekarar 1977, lokacin da arzikin mai ya iso mana har gida, kowa ya fara jin kunyar ginin ƙasa. Kwamitin unguwa, ƙarƙashin Alhaji Mamuda ɗan kwangila, ya yanke shawarar rushe masallacin magina a yi na bulo da kwano. Masallacin nan kuwa mahaifin Malam Mani ne ya yi wa rufinsa ɗaurin guga da azara, shi kuma yana saurayi ya cuɗa ƙasarsa da ƙafafunsa. Shekara arba'in da ɗoriya Malam Mani bai taɓa barin damina ta same shi ba yaɓe ba.

Hujjar kwamiti wata doguwar takarda ce mai huji-huji a gefe, wadda Injiniya Abdulkarim, ɗan gari, ya kawo daga Zariya. An ce wata na'urar lissafi da ta cika ɗaki guda ce ta rubuta ta. Na'urar ba ta taɓa taka Tafoki ba, ba ta taɓa cire takalmi a ƙofar masallacin ba, amma ta ce da Azahar ɗin bazara zafin cikinsa yana kai digiri talatin da takwas, na bulo kuwa ba zai wuce talatin da uku ba. A ba Injiniya haƙƙinsa, mutum ne mai tsoron Allah. Shi da kansa ya miƙa wa Malam Mani Ɗan Siriri, ya ce a gwada a gani ko na'urar ta yi gaskiya. Kwamiti kuma ya yi alkawari a gaban liman: in aka kama ta da kuskure kafin ruwa ya sauka, gyara za a yi, ba rushewa ba.

Jama'a sun shaidi marigayin da haƙuri da kawaici. Wata goma sha ɗaya yana rataye a ƙusa kusa da sandar liman, bai taɓa rasa jam'i ba. Tsofaffi sun hura masa iska don su ga ko zai motsa, wasu sun danne shi da babban yatsa, wani baƙo ma ya shafa shi ya shafa a fuska, duk bai tanka ba. Ba a san shi da surutu ba, sai in iska ta shigo ta taga, ya ɗan bugi bango, "ƙwas, ƙwas," ya yi shiru. Ba ya duba fuskar mai kuɗi. Ranar da Alhaji Mamuda ya tsaya a gabansa da babbar riga yana haki, talatin da ɗaya ya nuna masa, kamar yadda ya nuna wa ladan. Duk tsananin bazarar bana bai taɓa haura talatin da biyu ba, Malam Mani kuma yana rubuta kowane awo da tawadar allo a bayan kalanda, sau biyar a yini.

Saura abu guda: a auna masallaci irin wanda za a gina, don a haɗa lamba da lamba. Akwai sabo a bakin titi a Sheme. Malam Mani ya naɗe Ɗan Siriri da auduga, ya sa shi cikin hula, ya hau mota yana jin aiki ya ƙare.

A nan ne ajali ya ratso, kuma Malam Mani ya roƙi kada a ɓoye laifinsa. Shi magini ne, tun tasowarsa daga rufi ake duba lafiyar gini. Maimakon ya rataye marigayin a bango daidai kan mutum, sai ya ari tsani, ya ɗaure shi a katakon rufi, yatsa huɗu tsakaninsa da kwano, rana tana tsaka. Ya sauko ya bi sahu. Waɗanda suka ɗaga kai kafin a tayar da salla sun ce sun ga jan ruwan yana hawa ba tsayawa. Ana raka'a ta uku aka ji kalmarsa ta ƙarshe: "Tas!" Da aka sallame, sai ɗigon ja a tabarma da ɓaraguzan gilashi. Lambobin jikinsa a hamsin suka ƙare, shi kuwa ya wuce hamsin, bai bar wa kowa adadin da za a rubuta ba.

Malam Mani ya kai gawar gaban kwamiti a cikin hularsa, yana ganin ai wannan ma shaida ce. Alhaji Mamuda ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce, "Baba Mani, ka yi haƙuri. Abin da bai iya jure zafin Sheme ba, shi za mu bi kan maganar zafi? Ai tun farko ba shi da lafiya." Da wannan aka soke har shaidarsa ta wata goma sha ɗaya. An nemi ƙaninsa, wato wani ma'aunin irinsa, a Funtuwa ba a samu ba. An buga wa Injiniya waya, ashe an tura shi kwas Legas. Siminti kuma ya iso, hadari ya fara haɗuwa a gabas, Alhaji ya ce kayansa ba za su jira ruwa ba. Malam Mani ya zagaya gidan liman, da na mai gari, da na duk wani mai furfura. Kowa ya ce gaskiyarsa ce, kowa kuma ya ce to ya za a yi.

Marigayin ya rasu ya bar ƙusa ɗaya a bango, da kalanda cike da lambobin da ba mai karɓa, da dattijo ɗaya wanda tun Lahadi tuwo ba ya wuce masa. Ya kuma bar masallaci ɗaya, lafiyarsa ƙalau.

Liman ya yi bayani cewa ba a yi wa gilashi wanka ko salla, iyalan sun karɓa. Za a binne shi ranar Alhamis bayan Azahar, cikin rairayin masallacin, a gindin bangon gabas. Ana roƙon masu zuwa su taho da hannu biyu, don bayan binnewa za a kwashe tabarmi da butoci da tulun ruwa a kai zauren liman. Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a cikin masallacin har yammacin Juma'a, kuma duk wanda ya zo ya ɗan zauna, ya jingina da bango, kada ya yi gaggawar tashi. Katafila za ta iso ranar Asabar da hantsi. Daga ranar kuma, Malam Mani bai san inda zai ce a same shi ba.