Albarushin Baba

Muna cin tuwon rana Yaya Ladi ta shigo, ta ce ɓarayi biyu da adduna suna kwance ragon Baba a gonarmu ta Kukuo. Wata huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma ragon ne kaɗai ya rage a dabbobinsa.

Na ce kowa ya zauna, aikin mutum ɗaya ne. Na sauko da bindigarsa ta toka, na ɗura albarushi yadda na sha ganin yana yi, na hau babur.

Na tarar da su, na saita, na ce, "Ku saki igiyar nan." Na ja kunama, ta ce ƙyas. Na sake ja, ƙyas. Ashe shanya albarushin da Baba ke yi duk Juma'a ba rigimar tsufa ba ce. Damina ta jiƙa shi.

Babban cikinsu ya dube ni da tausayi, ya ce, "A hannun marigayi tana tashi. Allah ya ji ƙansa."

Na ce amin. Suka tafi da ragon.

Tun ranar Yaya Ladi ke kirana Soja Mai Amin. Albarushin yana nan cikin gorarsa, har yau ban iya fitar da shi rana ba.